Wuƙar Gabu a Kuben Maharbi

Gadar da jikana Nura ya kawo mini kwanakin baya, tun yana ƙofar gida hancina ya gaya mini ba za ta ciwu ba. A buhun taki ya sako ta, ya ɗaure bakin buhun tamau, ya ɗora a bayan babur tun daga dajin Kuberi har nan garinmu Gehuru, rana tana dukanta. Da ya zazzage ta a gabana, cikin ya kumbura kamar tulu, fatar mara ta fara yin kore.

"Amarya, ga cefane," in ji shi. Haka yake kirana, irin wasan jika da kaka.

"Angona, yaushe ka harbe ta?"

"Da hantsi."

"To mi kat tsaya yi har la'asar?"

Sai ya ciro waya ya nuna mini. Ga shi ya taka gada da ƙafa, ga shi ya saɓa ta a wuya, ga abokansa kowa ya karɓa an ɗauke shi hoto da ita. Har rumfar mai shayi a Maiyama sun tsaya don mutane su gani. Gadar nan ta yi yawon da ni ban yi ba duk tsufana, amma ba a sami wanda ya tuna ya buɗe mata ciki ba. Karnukan unguwa ne suka ci walima.

Sunana Hajo. Ban san baƙi ko ɗaya ba, ƙanwar Nura ce, Sa'adatu, take rubuta abin da nake faɗa. Sana'ata banda, wato busar da naman daji a kan hayaƙi a kai kasuwa. Maigidana maharbi ne, shi yake kawowa, ni nake gyarawa, haka muka yi har gashinmu ya yi fari. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Ina kukansa kullum kuma ba na ɓoyewa, don haka in kun ga magana ta yanke a tsakiya, hanci na tsaya fyacewa.

Daga Jega har Maiyama ba a san shi da sunan yanka ba, Taki-Goma ake ce masa. Wai ya taɓa kuskure mazo, dabbar dajin nan da ta fi gada girma, yana tsaye a gabansa taki goma. Yanzu sunan ya sauko kan Nura, samari suna ce masa jikan Taki-Goma, shi ya sa ya zaga gari da gada don a ga gidanmu ma an iya saiti. Ya kuma ce in ba shi wuƙar kakansa. Na ce sai ya zauna ya ji abin da ake yi bayan dabba ta faɗi, ya kuma ji inda sunan nan ya samo asali, don ni kaɗai na rage da na sani.

Ku samarin yanzu kuna tsammani in bindiga ta tashi dabba ta kife an gama. A lokacin ne ma aikin yake farawa. Uwar mijina ce ta koya mini, tsohuwa mai ƙaramin jiki da kaifin harshe. Ranar farko da aka kawo barewa bayan an kai ni gidan, na ruga da tasa da wuƙa zan nuna ƙwazo. Ta buge mini hannu da muciya.

"Ɗiyar nan, ina za ki? Dubi wuya tukuna."

Ta buɗa mini yankan da yatsa. Ta ce dabbar da aka yanka da ranta, bakin yankan yakan ja baya ya wage, jini ya yi tsartuwa ya ɓata gashin ƙirji. Wadda kuwa ta riga ta mutu aka bi ta da wuƙa don a rufe ido, yankanta yana fita sumul kamar na tela, gashi tsaf, in ka feɗe kuma za ka tarar jini ya kwanta baƙi a gefen da ta faɗi. Ta ce a gidan nan ba a ɗora irin wannan a kan wuta ko da yunwa za ta kashe mu. Daga ranar, ko ɗanta ne ya kawo, wuya nake fara dubawa.

Saboda haka, Nura, abu na farko wuƙa. A damtse take zama cikin kubenta, ba a ƙasan burgami ba, jakar nan ta fata da kuke cusa goro da albarushi. Wani malami a Birnin Malam, wanda ya daɗe yana sayen bandata, shi ya warware wa maigidana hukuncin. Ya ce in ka yi bisimilla ka harba, ka bi ba ka tsaya wasa ba, ka iske ta cika, ta halatta. Amma in ka iske ta da rai, harbin bai taɓa makasa ba, ta mutu kana lalube saboda sakacinka, to mushe ce. Kafin ka fita gida ka zare wuƙar ka gwada ta a gashin hannunka. Kada ka shafa ƙota kawai ka ce tana nan. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

In ta faɗi, kada ka tunkare ta ta gaba. Ta bayan wuya ake zuwa. Namijin mazo yana kwance kamar ya mutu zai iya farke maka cinya da ƙaho, gada kuma kofatonta kamar aska yake. Ka tsinko kara ka taɓa mata ido, in ta ƙifta da sauranta. Ka taka ƙahon, ka juya ta alƙibla, ka ambaci sunan Allah, ka yanke maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu ba tare da ka ɗaga wuƙa ba. Ka bar jini ya tsiyaye, kai yana gangare. Wayarka tana aljihu duk wannan lokacin, ba za ta gudu ba.

Barewa ta biyu da aka ba ni in buɗe da kaina, na caka wuƙa kamar mai fasa kabewa. Tumbi ya fashe, abin da ke ciki ya wanke naman, ya wanke ni har gira. Na ɗebo ruwa na yi ta kwarara, na ƙara lalata shi. Uwar mijina ta zauna a kan turmi tana kallona, ta ce wa maƙwabciya, "Zo ki ga amaryar da aka kawo mana, ta iya damun kunu." Ga yadda ake yi. A nan inda ta faɗi za ka buɗe ta, kafin jikinta ya huce. Ka kwantar da ita rigingine, ka tsunkuli fatar mara ka ɗaga, ka yi 'yar ƙofa. Ka sa yatsu biyu a ciki suna danne hanji, wuƙa a tsakaninsu kaifinta yana duban sama, ka tafi a hankali har ƙirji. Mafitsara ka riƙe bakinta ka cire ta ɗungurum. In tsautsayi ya sa tumbi ya fashe, busasshiyar ciyawa za ka sa ka goge, kada ka kusanci ruwan tafki. Gada kuma tana da wata baƙar tsaga a ƙarƙashin kowane ido mai fitar da maiƙo mai wari. Hannun da ya taɓa wurin kada ya taɓa nama.

Bayan nan sai ka duba inda harbi ya shiga, ka yanke duk naman da ya dagargaje, ka tsince abin da ka ɗura wa bindigar. Maharbanmu boris ɗin keke, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, suke ɗurawa. Wani direban babbar mota a tashar Jega ya taɓa sayen cinyar gada a wurina, ya gatsa a gabana, na ji ƙaras. Ya tofo boris da rabin haƙori a tafin hannunsa, ya dube su, ya dube ni.

"Inna, wanga nawa ne, ko gyara ne?"

Shekara da shekaru in ya hango ni sai ya wage baki ya nuna wa 'yan tasha giɓin, ya ce aikin Hajo ne. Bai daina saye ba, amma da wuƙa yake tsattsaga naman kafin ya kai baki.

In ka fitar da kayan ciki, ka sa ɗan itace ka tokare haƙarƙari iska ta shiga, ka cusa ganyen sabara saboda ƙuda, ka rataye ta a inuwa ta sha iska. Buhun taki da leda kabarin nama ne. Ka ɗaure ƙafafu ka ɗauko ta ciki a buɗe. Wanda ya fara isowa ya kama maka, ƙafar gaba tasa ce, ko ba ka ƙaunarsa. Hanta kuwa a daji maharba suke gasa ta su cinye. Na yi aure a gidan farauta tun ina yarinya, naman da ya bi ta hannuna ba ya ƙirguwa, amma hantar gada sai labari.

Nawa aikin yana farawa in an shigo gida. In feɗe, in rarraba, in barbaɗa gishiri, in jera a kan ragar ƙarfe, wuta can ƙasa ba mai harshe ba. Itacen ƙirya ko marke, su ne masu hayaƙi mai daɗi. Na taɓa ƙyashin zuwa neman itace na sa dogonyaro, bandar ta fito da ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Kwana biyu ana juyawa, in ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ƙofa, ta yi. Da farko tsohuwa ce take kaiwa kasuwar Jega, da ƙafarta ta gaza na karɓa. Mahauta suna yi mini tsiya wai naman da ba a san wanda ya yanka ba, amma matansu a ɓoye suke aikowa. Masu tuwo suna saye, malamai suna saye, ba a taɓa tambayata ko yankakke ne ba. Abin da muke da shi ke nan, ba gona mai kirki, ba shanu.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, namun daji suka yi nisa. Maigidana ya yi wata biyu yana fita yana dawowa da zomo ko hannu wofi. Ragar banda ta yi tsatsa. Yara huɗu a gabana. Na koma karɓo ganyen albasa daga masu lambu a Aliero, in yayyanka, in daka, in dunƙula gabu in shanya, a ba ni ɗan hatsi. Wuƙata ta girki kuwa ta tsufa, ta dakushe, ƙotarta tana girgiɗi. Ganyen albasa ma sai ta yi ta murza shi kamar mai roƙo.

Wata rana da yamma ya tafi masallaci ya bar kubensa a rataye. Na zare wuƙarsa, na ga tana shiga ganye kamar ruwa. Dama ya hana ni taɓa ta, don haka na yi dabara irin ta masu wayo. Maƙeri ɗaya ne ya yi musu ƙota, sai na soka tawa a cikin kuben don kada ya ga wofi, da niyyar in na gama in mayar. Na gama, na yi murnar tulin gabun da na tara, na manta. Da asuba ya ɗaura kube a damtse, ya shafa ƙota ya ji tana nan, ya fita.

Shi da abokin farautarsa Alu, mutumin Maiyama, suka nufi fadamar Kuberi. Alu ne ya hango mazon, namiji babba, ya nuna masa. Alu yana fama da ƙaya a ƙafa a ranar, sai ya zauna gindin wata tsamiya ya ce masa ya je shi kaɗai. Maigidana ya lallaɓa har taki goma. Yana danna kunamar bindiga mazon ya zabura, harbin ya same shi a cinya. Ya bi jini mai nisa, har cikin wani kwazazzabo, ya iske shi kwance yana numfashi. Ya taka ƙaho, ya juya shi alƙibla, ya zaro wuƙa.

Ni duk ban san wannan ba. Ina zaune tsakar gida bayan azahar, sabon ganye a gabana, ina yanka ina 'yar waƙata, sai ya yi sallama. Ba komai a kafaɗarsa. Ya jingine bindiga, ya sa hannu a burgami, ya ajiye abu biyu a bakin tabarmata, ruwan wuƙata daban, ƙotarta daban. Na dubi hannuna. Tasa ce a ciki, ganyen albasa ya manne mata.

"Ba ni ruwa in sha," ya ce.

Da ya sha ya gaya mini. Ya goga wuƙar a wuyan mazon, ko gashi ba ta ratsa ba. Ya danna da ƙarfi, ruwan ya fita daga ƙota. Ya kama ruwan da hannu yana ta goga har tafinsa ya tsage, dabbar ta cika yana kai.

Sa'adatu, rubuta wannan yadda na faɗa, kada ki gyara mini. Ban ce masa ya yafe mini ba. Cewa na yi, "Yana ina? Mu tahi mu ɗauko. In ya kwana biyu kan hayaƙi wa zai gane?"

Ya dube ni ya ce, "Ke za ki gane. Ba ke tsohuwa ta koya wa duban wuya ba?"

Na ce yara fa. Ya ce yara za su sha miyar gabu, ai ga shi nan na tara da yawa. Sannan ya ce ya ja mazon ya tura ƙarƙashin gaɓar kwazazzabon ya rufe da ƙaya, ya koma ya gaya wa Alu ya kuskure.

"Don mi za ka ce haka? Kai da ba ka kuskure zomo a guje?"

"In na ce wuƙa ce, gobe duk Jega za a ji matar maharbi tana wasa da wuƙar yanka. Mai sayen bandarki zai fara tambaya, wannan fa, da wace wuƙa aka yanka ta? Ni in an yi mini dariya ba a fasa cin abin da na harbo."

Ya karɓi wuƙarsa daga hannuna, ya wanke, ya wasa, ya mayar kube. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Sunan kuwa kafin mako ya zaga. A wurin suna, a wurin jana'iza, yara a hanya, Taki-Goma. Yakan amsa har da ɗaga hannu. Ni kuma na ci gaba da zama a kasuwa ana yabona, Hajo mai tsabtar nama, Hajo da ba a tambayarta. Ina jin ana kiransa da sunan a gabana, in sunkuyar da kai in gyara jerin banda. Sau da yawa na ce gobe zan faɗa. Mai wayon da ta iya sauya wuƙa ba ta iya buɗe baki ba.

Ranar sadakar ukun maigidana ina cikin ɗaki na ji muryar Alu daga zaure, ya tsufa har ana riƙe shi. Ya yi addu'a mai tsawo, ya rufe da cewa, "Allah ya jiƙan Taki-Goma." Maza suka amsa, wasu da 'yar dariya ta ƙauna. An binne shi da sunan da na saƙa masa.

Shi ya sa na ce wa Nura ba zai taɓa wuƙar nan ba sai ya ɗauki takardar nan ya kai Maiyama, ya karanta wa Alu a gaban duk maharbin da ya samu a wurin. Mun tsaya nan ranar Talata.

Yau Sa'adatu ta sake ɗauko biro, don Nura ya je ya dawo. Ya ce ya iske Alu a ƙofar gida da tsofaffi uku da waɗansu samari, ya karanta tun daga buhun taki har sadakar uku. Alu ya saurara ido a rufe. Da aka gama ya ce, "Awo. Ai na ga ungulaye."

Wai washegari ya hango su suna kewaya kwazazzabon, ya ɗingisa ya je. Ya ga mazon, ya ga harbi a cinya, ya ga wuyan da aka goga ba a yanka ba, har ya tsinci 'yar ƙusar ƙota a ƙasa. Ya shinshina ya ji albasa.

Nura ya ce masa, "Baba, ka sani, kuma kai ne ka fi kowa kiransa da sunan?"

"Ni na raɗa masa shi ma. Mutum ya yi ƙarya don ya rufe gidansa, in ban taya shi ba wa zai yarda? Wanda ya san harbinsa ba zai gaskata ba sai an yi ta maimaitawa." Sannan ya juya ga samarin ya ce daga yau wanda ya sake cewa jikan Taki-Goma zai gamu da sandarsa, mutumin bai taɓa kuskure abin da ya saita ba. Ya kuma ba da saƙo a kawo mini. "Ka gaishe da Hajo. Ka ce mata sunan bai mutu ba, gida ya sauya. Ita ce Mai Wuƙar Gabu."

Shekara talatin ina ɗauke da asiri kamar tulu a ka, ashe gurgu ya riga ni sani tun kwana ɗaya. Na yi kuka, na yi dariya, na sake kuka. Ɗazu da na fita ɗiban ruwa wata yarinya ta gwada kirana da sabon sunan daga bayan danga, na ɗaga mata hannu.

Na ciro kuben daga ƙarƙashin gado na ɗaura wa Nura a damtse da kaina. Ya shafa ƙota ya ce ya gode, zai tashi.

"Zauna," na ce. "Zare ta."

Ya zare, ya gwada a gashin hannunsa, gashin ya zube.

"Kullum haka, kafin ka taka ƙofa. Kuma in ka yi aure ka saya wa matarka wuƙa mai kyau tun ranar da ta tare."

"To in ke kika ce in ba ki aro fa, amarya?"

"Ni ce ma ba za ka ba ba."